Tsakanin barbara da ciki: Yadda sinadaran jikin tunkiya ke raya maniyyin rago ko halaka shi

A garuruwan Nguru da Gashuwa da ƙauyukan da ke kewaye da su, a arewacin Jihar Yobe, tunkiya dukiya ce da ake ajiyewa domin ranar buƙata. Da ita mace ke haɗa kayan ɗakin 'yarta, da ita magidanci ke sayen taki ko biyan kuɗin asibiti.

Tun da layin dogo ya iso Nguru daga Kano a 1930, garin ya zama mashigar dabbobi daga iyakar Nijar zuwa kudancin ƙasar nan, kuma har gobe ragunan Balami da Uda na wannan yanki suna cikin masu daraja a kasuwannin layya. Saboda haka tunkiyar da ta rasa ciki a kan kari ta jawo wa mai ita asarar ɗan rago, wani lokaci tagwaye, ga kuma dusa da harawar watanni da ta ci.

Idan rago ya barbari tunkiya sau biyu ko sau uku, amma duk bayan mako biyu da 'yan kwanaki aka ga ta sake bin sa, hukuncin da aka saba yankewa ɗaya ne: juya ce, a kai ta kara. Sau da yawa an yi gaggawa. Binciken shekaru masu yawa ya nuna cewa barbara mataki ne na farko kawai. Abin da ke tabbatar da ciki shi ne ƙwayoyin maniyyin rago su rayu a jikin tunkiya har zuwa sa'ar da ƙwanta zai fito. Wannan kuwa yana hannun wasu sinadarai da jiki ke sarrafawa da kansa, waɗanda masana ke kira homon, 'yan aiken da jini ke ɗauka daga wata gaɓa zuwa wata da umarni.

Ƙurarren lokaci

Tunkiyar da ba ta da ciki kan nemi barbara duk bayan kwana 16 zuwa 17. Neman kan ɗauki awa 24 zuwa 36, kuma sai gab da ƙarshensa ne ƙwai ke fitowa daga ma'ajiyarsa. Ƙwan ba ya jira: ingancinsa kan fara raguwa bayan 'yan awoyi, kafin a kwana a yini ya lalace. Su kuma ƙwayoyin maniyyi, idan komai ya tafi daidai, sukan riƙe ƙarfinsu na awa 30 zuwa 48 a jikin tunkiya. Ke nan dole maniyyi ya riga ƙwai isa, ya zauna da rai, ya jira shi.

Sinadarai biyu ne ke karɓa-karɓar mulki a wannan zagaye. Na farko shi ne furojestaron, wanda wani ɗan ƙulli da ke tsirowa a gurbin da ƙwai ya fita ke samarwa. Shi ne mai gadin ciki. Kusan mako biyu yana riƙe da jikin tunkiya, yana rufe bakin mahaifa, yana hana ta kula rago.

Idan babu ciki, wajen kwana na 14 mahaifa kan saki wani sinadari mai suna furostagilandin, ya narkar da ƙullin, furojestaron ya faɗi. Daga nan 'yar jakar da sabon ƙwai ke girma a cikinta ta fara fitar da sinadari na biyu, estirojin. Estirojin ne ke sa tunkiya ta riƙa bin rago tana kaɗa bindi, ta tsaya masa idan ya zo hawa. Shi ne kuma ke tunzura wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ta kwararo sinadarin LH da yawa a lokaci guda, kimanin awa 24 bayan haka ƙwai ya fita.

A nan masu kiwon gida ke fara yin asara. Saniya idan tana nema takan yi kuka, ta hau 'yan uwanta, kowa ya gane. Tunkiya kuwa mai ɓoye sirri ce, in ba rago a kusa da wuya a ga alama. Wadda aka ɗaure a turke cikin gari, ake aro mata ragon maƙwabta na yammaci ɗaya, tana iya samun barbara da wuri ainun, ko kuma a makare bayan ƙwai ya riga ya fita.

Hanyar da maniyyi ke bi

Rago kan zubar da maniyyi kimanin mililita 1, abin da bai kai rubu'in ƙaramin cokalin shayi ba, amma a cikinsa akwai ƙwayoyi biliyan 2 zuwa 4. Daga wannan runduna, waɗanda ke isa inda ƙwai yake ba su wuce ɗaruruwa ko 'yan dubbai ba. Saura duk a hanya suke ƙarewa.

Shinge na farko, kuma mafi wuya, shi ne bakin mahaifa. Na tunkiya murɗaɗɗe ne, yana da zobba 4 zuwa 7 na nama waɗanda ƙofofinsu ba su saitu da juna ba, kamar lungunan tsohon gari. Cikinsa cike yake da wani ruwa mai yauƙi, kuma homon ne ke sauya yanayin ruwan. A zamanin furojestaron ruwan kaɗan ne, mai kauri da danƙo kamar ƙaro, ƙwayar maniyyi ba ta iya ratsa shi. Da estirojin ya hau, sai ruwan ya yawaita, ya tsinke, ya yi yauƙi irin na kuɓewa, zarensa ya miƙe ya zama hanyoyin da ƙwayoyi ke bi.

Masu ƙarfi daga cikinsu kan shige cikin lanƙwasoshin bangon bakin mahaifa su fake, daga nan su riƙa fita kaɗan-kaɗan zuwa ciki tsawon awoyi. Fakewar tana da dalili. Bayan barbara fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, kan kwararo cikin mahaifa su cinye duk baƙon da suka tarar: ƙwayoyin cuta, matattun ƙwayoyin maniyyi, har da masu ran da suka yi jinkiri a fili. Estirojin ɗin da ya buɗe ƙofa shi ne kuma ya ɗaura wa sojojin ɗamara. Shi ne har wa yau ke sa mahaifa motsin da ke tura maniyyi gaba.

Zango na ƙarshe shi ne farkon siririn bututun da ƙwai ke gangarowa ta cikinsa. A farkon shekarun 1980, masani Ronald Hunter da abokan aikinsa a Jami'ar Edinbara sun riƙa ɗaure wannan bututu a jikin tumaki a lokuta daban-daban bayan barbara, domin su ga yaushe maniyyi ya wuce. Sun gano cewa sai bayan awa 6 zuwa 8 ne isassun ƙwayoyi ke taruwa a wurin, kuma sukan tsaya can har awa 17 ko fiye, ba su ci gaba sai ƙwai ya kusa fita.

A wannan zango ƙwayoyin kan manne da bangon bututu, su rage motsi, su adana ƙarfinsu. A nan ne kuma suke kammala wata irin nuna da dole sai sun yi ta a jikin mace kafin su iya huda ƙwai, abin da Colin Austin a Ostireliya da Min Chueh Chang a Amurka suka gano, kowa da nasa binciken, a 1951. Abin mamaki, cikin abubuwan da ke tashin su daga wannan kwanto akwai furojestaron. Sinadarin da ya kulle ƙofa mako biyu, ɗan kaɗan daga gare shi da ke fitowa gab da fitar ƙwai ne ke sa su saki bango su ƙara ƙarfin bugun wutsiya. Yawan sinadarin da lokacin zuwansa su ne ke bambanta kullewa da buɗewa.

Masu kiwo a Yammacin Ostireliya sun ga abin da ke faruwa idan tsarin ya rikice. A shekarun 1940 haihuwa ta faɗi ƙwarai a garkunan da ke kiwo a kan wata ciyawa mai suna kuloba, dangin wake. Bennetts da Underwood da Shier sun wallafa rahoton matsalar a 1946. Daga baya aka tabbatar ciyawar na ɗauke da sinadarai masu kwaikwayon estirojin. Tumakin da suka daɗe suna cin ta suna neman barbara, suna fitar da ƙwai, raguna kuma lafiyarsu ƙalau, amma ruwan bakin mahaifarsu ya lalace har maniyyi ba ya gane hanya.

Darasi na biyu ya shafi duk mai sha'awar kiwon zamani. A shekarun 1960, Farfesa T. J. Robinson na Jami'ar Sidni ya samar da wani soso mai ɗauke da sinadari irin furojestaron, wanda ake sa wa tunkiya a farji kwana 12 zuwa 14. Idan aka cire wa garke a rana ɗaya, yawancinsu kan nemi barbara tare cikin kwana biyu. An gwada dabarar a kan tumakin 'Yankasa a Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, Zariya. Amfaninta a fili yake: haihuwa a lokaci ɗaya, raguna sa'o'in juna domin kasuwa ɗaya.

Amma Robinson da abokin aikinsa Quinlivan sun nuna a 1969 cewa a neman farko bayan cire soso, ƙwayoyin maniyyin da ke isa bututun ƙwai sun ragu sosai, kuma bincike a Amurka ya tabbatar da haka. Shi ya sa masana ke ba da shawarar rago ɗaya ga irin waɗannan tumaki kamar 10 kawai, a kuma bar shi tare da su har nema na biyu, lokacin da jiki ya koma tsarinsa. Wanda ya sayi soso da allura ya bar rago ɗaya ga tumaki 40 ya zubar da kuɗinsa.

Wannan shinge ne kuma ya sa barbarar zamani, wadda ake ɗura wa dabba daskararren maniyyi da na'ura, ta yi nisa a shanu amma ta tsaya cik a tumaki. Maniyyin da aka daskarar ya yi rauni, ba ya jure tafiyar bakin mahaifa. A yawancin ƙasashe ƙasa da kashi 30 cikin 100 na tumaki ke ɗaukar ciki ta wannan hanya, sai dai a huda ciki da na'ura a zuba shi kai tsaye cikin mahaifa, dabarar da aka fito da ita a Ostireliya a 1982. A Norwe kuwa ana samun sama da kashi 60 ba tare da huda ciki ba, kuma binciken masanan Ayalan da Norwe ya nuna cewa bambancin yana ga nau'in tunkiya da irin ruwan bakin mahaifarta.

Rago da zafin bazara

Duk gyaran hanyar da estirojin zai yi, sai da matafiyi mai ƙarfi. A jikin rago, LH ne ke umartar maraina su samar da testostaron, shi kuma tare da wani sinadarin mai suna FSH su kula da ƙirar maniyyi. Kowane giram na maraina kan ƙera ƙwayoyi kimanin miliyan 20 a rana, shi ya sa girman maraina ke nuna yawan abin da rago zai iya bayarwa.

Ƙera ƙwaya ɗaya kan ɗauki kwana 47 zuwa 49, sannan ta yi kusan mako biyu tana nuna a wata murɗaɗɗiyar jijiya da ke jikin maraina. Jimla kimanin wata biyu ke nan. Maniyyin da rago ya zubar yau, tarihin abin da ya ci da zafin da ya sha ne a kwana 60 da suka wuce.

Zafin jikin rago digiri 39 ne a ma'aunin Salshiyas, amma ƙirar maniyyi na buƙatar maraina su kasance ƙasa da haka da digiri 4 zuwa 5. Shi ya sa suke rataye a waje, fatarsu na gumi, jijiyoyin jininsu kuma a nannaɗe domin jini ya huce kafin ya shiga. A Nguru da Gashuwa kuwa zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, yashin da rago ke kwanciya a kai ya fi haka. Balami da Uda masu gashi ne, sun fi tumakin Turai masu ulu jure rana nesa ba kusa ba, amma juriya na da iyaka, musamman ga wanda aka ɗaure a ƙarƙashin kwano babu iska.

Illar ba ta bayyana nan take. Sai bayan mako biyu ko uku ne gurɓatattun ƙwayoyi ke yawaita, masu karyayyar wutsiya ko nakasasshen kai, kuma farfaɗowa kan ɗauki mako 6 zuwa 8 bayan zafi ya wuce. Irin waɗannan ƙwayoyi kan mutu da wuri a jikin tunkiya. Wanda ya kai ga ƙwai ma, sau da yawa ɗan tayin ba ya ɗorewa. Duk wannan yana faruwa alhali rago na bin tumaki yana hawa kamar kullum, ba mai zarginsa. Zazzaɓi na kwana biyu ko uku ma yana iya yin irin wannan ɓarna.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ita ma tunkiya zafi kan taƙaita nemanta, ya kashe ɗan tayi a makon farko. Wahala kuma, kamar doguwar kora zuwa kasuwa ko tafiya a mota, kan tayar da sinadarin kotisol, wanda ke jinkirta kwararowar LH. Idan ƙwai ya makara, maniyyin da ke jira ya tsufa.

Tumakin Turai kan nemi barbara ne idan yini ya fara gajarta, ta hanyar sinadarin melatonin. A yankin Nguru bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta kimanin awa 1 da rabi ne, don haka tumakinmu na iya haihuwa kowane wata, abinci ne ke riƙe da linzami. Ramammiyar tunkiya kan daina nema gaba ɗaya. Waɗanda ke kiwo a fadamun Haɗeja zuwa Nguru da bakin kogin Komadugu Yobe kan riƙe jiki har cikin rani, ko da yake tsutsar hanta na jiran su a can. Na tudu wajen Machina da Yusufari kuwa sai ciyawar damina ta fito suke farfaɗowa. Tunkiyar da ta fara nema a Yuni ko Yuli tana haɗuwa ne da ragon da bai gama warkewa daga bazara ba.

Sai kuma layya. An yi Babbar Sallah ranar 16 ga Yuni a 2024, da 6 ga Yuni a 2025, kuma tana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, wato shekaru masu zuwa cikin tsakiyar bazara za ta riƙa faɗowa. Rago mafi girma da kyau shi ke fara barin garke, a bar wa tumaki ƙanana da ragowar da kasuwa ta ƙi. Wanda aka turke domin sayarwa ma bai dace da barbara ba: kitsen da ya taru a wuyan maraina kan hana su hucewa, kuma angurya, da ake yawan turka da ita, tana ɗauke da sinadarin gosifol mai cutar da ƙirar maniyyi idan ta yi yawa, musamman ga ƙaramin rago. Ragon layya daban, ragon iri daban, kuma garken da bai ware na biyun ba yana ƙanƙancewa ne shekara bayan shekara.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ragon da ake so ya yi aiki a wani wata, wata biyu kafin nan ake fara ba shi inuwa mai iska, da ruwa, da harawa da dusa daidai misali. A taɓa marainansa: su kasance daidai da juna, da tauri kamar tsokar damtse, ba kumburi, ba ƙulli. Babban rago lafiyayye na iya ɗaukar tumaki 30 zuwa 40, matashi kuwa kada ya wuce 15 zuwa 20. Su tumakin, ƙarin abinci na mako 2 zuwa 3 kafin barbara kan ƙara yawan ƙwan da suke fitarwa. Tun da ciki wata 5 ne, barbarar Janairu da Fabrairu, lokacin da hunturu ya sanyaya rago, ita ke kawo haihuwa a farkon damina, in har an tanadi harawar kaka domin tumakin.

A kuma yi hattara da allurar desametason da ake samu a shagunan maganin dabbobi. Dangin kotisol ce, tana danne sinadaran haihuwa, kuma idan aka yi wa tunkiya mai tsohon ciki tana iya sa ta haihu kafin lokaci.

Yawancin alƙaluman nan daga tumakin Ostireliya da Turai aka samo su. Auna maniyyin Balami da Uda wata bayan wata a yanayin Bade da Nguru aiki ne da ya dace da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, da masana likitancin dabbobi na Jami'ar Maiduguri. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya, da aka ƙirƙiro a 2024, za ta taimaki masu kiwo ƙwarai idan ta wadata asibitocin dabbobi da madubin likita, domin ɗigo ɗaya na maniyyi ya isa a gane cikin mintuna ko ƙwayoyin na motsi.

Kafin nan, ƙidayar kwanaki ba ta buƙatar kuɗi. Ɗan tayi kan sanar da mahaifa zuwansa ne wajen kwana na 12 zuwa 13, ya hana ta narkar da ƙullin furojestaron. Idan tunkiya ta dawo nema a kwana 16 ko 17, to maniyyi bai haɗu da ƙwai ba, ko tayin ya mutu tun da wuri. A fara duba rago da lokacin da aka haɗa su. Idan sai bayan kwana 25 ko 30 ta dawo, ciki ya shiga sannan ya zube. A duba zafi, da yunwa, da cuta. Idan tumaki da yawa suka dawo tare bayan rago ɗaya, shi ne abin zargi. Tunkiyar da za a kira juya ita ce wadda ke da jiki, ta zauna dare da rana da rago lafiyayye har zagaye uku, kimanin kwana 50, aka sauya mata wani ragon, kuma likitan dabbobi ya duba ta.